MOTAR KARA DA MOTAR HARHAƊAWA: TSOKACI A KAN SHA'AWAR ƘERA ƘANANAN MOTOCI

Gabatarwa

A ƙasashe irin su Japan da Ingila da Jamus da Amurka akwai wani abin ɗebe kewa da manya da yara ke yi a lokacin hutunsu, wato harhaɗa ƙananan motoci na roba da yi musu fenti har su fito tamkar na gaske. Mutum zai sayi kwali, ya buɗe ya tarar da mota a wargaje, ƙofa daban, taya daban, injin ma gutsattsari, sai ya zauna ya yi makonni yana haɗawa. In ya gama ba jan ta zai yi a ƙasa ba, ba kuma lallai ya sayar ba. Ajiye ta zai yi a kan kanta yana kallo.

Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda abin yake, sannan ta gwada shi da ɗan'uwansa da muka tashi da shi a nan gida, wato motar kara da motar langa-langa. Mai karatu zai iya tambaya, me ya kawo wannan batu cikin mujallar ɗaliban harshe? Amsa ita ce, ba a haɗa mota, ko da ta wasa ce, sai an kira sunan kowane ɓangare nata, kuma a nan ne na ga Hausa tana da wata taskar kalmomi da ba mu cika waiwayarta a aji ba.

Ni ɗan Kurudu ne, garin da ke kan hanyar Nyanya zuwa Karshi, tsakanin Jikwoyi da Orozo, a Babban Birnin Tarayya Abuja. Da harshen Gbagyi na buɗe baki. Hausa a waje na tsince ta, wurin wasa da kasuwa da gareji, kafin in zo in karance ta a jami'a. Na ƙera motar kara da ta gwangwani ina yaro, yanzu kuma ina harhaɗa ta roba duk lokacin da aljihu ya ba da dama.

Suna da Awo

Matsala ta farko ita ce suna. In aka ce "motar wasa", an haɗa ta da wadda ake saya wa yaro ranar salla ya ja da zare. In aka ce "motar kwali", wani zai ɗauka da kwali aka yi ta, domin yara na yin irin wannan ma. Shi ya sa na zaɓi in kira ta "motar harhaɗawa". Ɗaliban ginin kalma sun san cewa daga "haɗa" aka samo "harhaɗa" ta hanyar ninka gaɓar farko, inda /ɗ/ ta koma /r/ a ƙarshen gaɓa, kuma ninkin yana nuna an yi aikin sau da yawa ko a kan abubuwa da yawa. Aikin ke nan daidai, domin kwali ɗaya yakan ƙunshi gutsattsari ɗari ko fiye.

Abin da ya raba ta da motar wasa ta kasuwa shi ne awo. A jikin kowane kwali za ka ga an rubuta 1:24, ko 1:43, ko 1:18. Ma'anar 1:24 ita ce an raba kowane tsawo na motar gaske gida 24 an ɗauki ɗaya. Mu ɗauki Fijo 504 wadda kowa ya sani. Tsawonta ya kusa mita huɗu da rabi, wato santimita 449. In ka raba gida 24 za ka samu kusan santimita 19, kimanin taƙi guda na hannun babba. In kuwa awon 1:43 ne, santimita 10 da 'yan kai ke nan, ta shige aljihun riga. Turai da Japan sun fi amfani da 1:24 ga ƙananan motoci, Amurkawa kuma 1:25. Motocin soja sun fi zuwa a 1:35, jiragen sama a 1:72.

Kada a manta, ba tsawo kaɗai ake ragewa ba, har da faɗi da tsayi. Saboda haka girman jikin yana raguwa ne sau 24 sau 24 sau 24, wato 13,824. Sai an tara irin wannan 'yar mota kusan dubu goma sha huɗu kafin su cike gurbin uwarsu. Wannan lissafi yana da amfani ga mai haɗawa, domin yana tuna masa cewa duk abin da ya yi a jikin 'yar motar, ido zai ninka shi sau 24. Ɗigon gam mai faɗin milimita ɗaya daidai yake da tabo mai faɗin kusan inci guda a motar gaske. Gashin burushi ɗaya da ya maƙale cikin fenti ya zama igiya a kan bonet.

Asalin Abin

Tun a 1936 wani kamfanin Ingila ya fara sayar da ƙananan jiragen sama na roba a wargaje da sunan Frog Penguin. Amma abin bai bunƙasa ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da roba ta yi araha. Kamfanin Airfix, wanda Nicholas Kove ya kafa a Landan a 1939, an ba shi aikin yin ƙaramin samfurin tarakta ƙirar Ferguson a 1949 domin talla. Da aka ga haɗa ta a masana'anta yana cin kuɗi, sai aka riƙa sayar da ita a wargaje, mai saye ya haɗa da kansa. Wato dai neman sauƙin farashi ne ya haifar da abin, daga baya haɗawar ta zama ita ce daɗin. A Amurka kamfanonin Revell da AMT suka cika kasuwa a shekarun 1950, a Italiya akwai Italeri mai yin manyan motoci irin su DAF da Scania, a Faransa akwai Heller.

Cibiyar abin a yau ita ce yankin Shizuoka na Japan, inda kamfanonin Tamiya da Aoshima da Hasegawa suke, kuma ake yin baje-kolinsa kowace shekara. Tamiya da injin tsaga katako ya fara a 1946, ya koma yin samfurori na katako, bai shiga na roba ba sai a 1960. Akwai wani labari nasu da nake so. Lokacin da za su yi samfurin motar tsere ta Porsche a tsakiyar shekarun 1970, sai suka sayi Porsche 911 ta gaske suka kwance ta ɗaiɗai don su auna kowane ƙarfe. A riƙe wannan labari, zan dawo kansa.

Mu a Nijeriya mun san harhaɗa mota, sai dai babba. Masana'antar Fijo ta Kakuri a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, da kayan da aka ƙera a Faransa ta fara. Ana ɗauko su a jirgin sama daga Lyon a sauke a Kano, a kwaso su zuwa Kaduna a harhaɗa. Haka aka yi Volkswagen a Legas, da Steyr a Bauchi, da Fiat a Kano, da Marsandi a Inugu. Duk wanda ya buɗe kwalin 'yar mota, aikin da ma'aikatan Kakuri suka yi yake kwaikwayo, amma a kan tabarma.

Yadda Ake Haɗawa

Gutsattsarin suna zuwa ne a maƙale jikin wani firam na roba, kamar 'ya'yan itace a reshe, kowanne da lambarsa. An yi su ne ta hanyar narka roba a tura ta cikin mazubi na ƙarfe, kuma firam ɗin shi ne hanyar da narkakkiyar robar ta bi. Tare da su akwai tayoyi na roba mai laushi, da gilasai, da takardar sitika, da takardar bayani mai zane. Ko da bayanin da Japananci aka rubuta shi, zanen da lambobin sun isa.

Aikin farko shi ne wanke su da ruwan sabulu, domin akwai ɗan maiƙo da ke biyo su daga mazubi, wanda ke hana fenti kamawa. Daga nan sai yanka. Ba a murɗe gutsure a fizge shi daga firam, yana barin rami. Ana yanke shi ne da ƙaramar filaya mai kaifi, in babu kuma abin yankan farce ya wadatar. Sai a kankare wurin da reza, a goge da samfefa mai laushi. Haka kuma akwai wani siririn layi da ke fitowa inda ɓari biyu na mazubi suka haɗu. Motar gaske ba ta da shi, don haka sai an kankare.

Kafin a sa gam, ana gwada gutsattsarin a bushe a ga ko sun zauna. Gam ɗin wannan aiki ba irin wanda muka saba da shi ba ne. Ba liƙewa yake yi ba, narka fuskar robar yake yi kaɗan har ɓangarorin biyu su zama ɗaya, kamar walda. Shi ya sa ɗan kaɗan ake sawa da tsinke, kuma shi ya sa ba ya kama wurin da aka riga aka yi wa fenti ko wurin da ke da ruwan azurfa irin na bamba, sai an kankare. Gam mai saurin kamawa, wanda masu gyaran takalmi ke amfani da shi, yana aiki a wasu wurare, amma kada a kusantar da shi ga gilashi, domin tururinsa yana bar masa farin hazo da ba ya fita. Gilashi farin gam na kafintoci ake sa masa, wanda in ya bushe ba a ganinsa.

Tsarin haɗawa daga ciki ne zuwa waje: injin, sannan ƙasan mota da ƙafafunta, sannan kujeru da sitiyari da giya, sannan bodi, gilasai da fitilu a ƙarshe. Abin da ke ba baƙo mamaki shi ne yawancin wahalar tana tafiya ne kan abin da ba za a gani ba. Za ka ɓata yini guda kana yi wa kafireto fenti, kana jan siririyar waya daga fulogi zuwa fulogi, sannan ka kifa bonet a kai.

Fenti

A nan ake gane gwani. Fenti iri uku ne. Akwai mai ruwa, wanda ake sirka shi da ruwa, yana saurin bushewa kuma ba ya da wari sosai. Akwai mai mai, wanda yake sheƙi amma yakan yi kwana ɗaya ko fiye kafin ya bushe sosai. Akwai kuma mai zafi, ɗan'uwan wanda masu fentin mota ke fesawa, da tina ake sirka shi. Ƙa'idar ita ce mai zafi a ƙasa, mai sanyi a sama. In ka shafa mai zafi a kan mai mai, tinar za ta cinye na ƙasan, fentin ya yamutse kamar fatar tsohuwa. Tinar masu fentin mota ma tana iya cin robar kanta in ba a fara shimfiɗa fentin share fage ba, wanda su suke kira firaima.

A Kurudu babu kantin da aka buɗe don wannan harka. Fentin gwangwani na fesawa da ake samu wurin masu kayan gini shi muke amfani da shi, kuma kowane iri da halinsa. Dabarar ita ce a fara gwada shi a bayan cokalin roba, irin wanda ake bayarwa da shinkafar biki, domin yawancinsu robarsu ɗaya da ta motar. In cokali ya tsira, mota za ta tsira. Ana fesawa daga nisan kamar taƙi guda, hannu yana tafiya ba tsayawa, a yi shafi mara kauri sau uku ko huɗu, ana jira tsakani. Mai gaggawa da ya so ya rufe launi a shafi ɗaya, fentin zai zubo masa kamar hawaye, ya kuma cike layukan ƙofa. A waje ake wannan aiki, nesa da risho da murhu, domin tururin yana kama wuta kuma ba ya yi wa ƙirji daɗi.

Littattafan Turawa a kan wannan fanni ba su san hunturu ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙura tana yawo a iska ko da ido bai gan ta ba, kuma ɗanyen fenti kamar maganaɗisu yake gare ta. Abin da nake yi shi ne in yayyafa ruwa a ƙasa tukuna, in fesa da sassafe kafin motocin hanyar Karshi su tayar da ƙura, sannan in kifa wa motar bokitin roba nan take. Damina kuma tata matsalar daban: laimar iska tana sa fenti ya yi fari-fari, sheƙin ya mutu, don haka ba a fesawa ranar da hadari ya haɗu. Kuma ba a shanya 'yar mota a rana don ta yi saurin bushewa. Ranar Maris ta Abuja tana iya lanƙwasa rufinta.

Sitikun da ke cikin kwalin ba ɓamɓarowa ake yi ba. Ana yanke kowanne a tsoma cikin ruwan ɗumi na ɗan lokaci, sai ya saki takardarsa, a zame shi a hankali zuwa jikin motar, a danne da auduga.

Masu wannan sha'awa sun kasu biyu. Wasu so suke mota ta fito tana walƙiya kamar yau aka fito da ita daga kamfani. Wasu kuma so suke ta tsufa, a ga tsatsa a gindin ƙofa da baƙin hayaƙi a bakin salansa. Ni ina cikin na biyu, domin motocin da na tashi ina gani ba masu walƙiya ba ne. Jar ƙasar unguwarmu, in aka tankaɗe ta da tsumma aka shafa da busasshen burushi a ƙasan bodi da bayan tayoyi, babu fentin kanti da ya kai ta kama da gaskiya. Bakin fensir kuma, in aka goga a gefen ƙarfe, sai ya yi kamar wurin da hannu ya cinye.

Motar Kara da Motar Langa-langa

Yanzu mu dawo gida. Tun kafin mu ji sunan Tamiya, yaran ƙasar Hausa da maƙwabtansu suna ƙera mota. Lokacinta kaka, bayan an girbe dawa da gero, kara ya bushe. Yaro zai ɓare ɓawon karan ya tsaga shi sirara-sirara, ya ware totuwar, wato farin cikin nan mai laushi. Totuwa ita ce katako, tsagin ɓawo shi ne ƙusa. Ana soka wannan cikin wancan har a tayar da kan mota da bodi da tagogi, babu gam ko ɗigo. Tayoyi kuwa da sakaina ake fafe su, ko a yanka tsohon silifas. Duk wanda ya yi wannan wasa ya san kaifin ɓawon kara, yana yanka yatsa kamar reza.

Mai ɗan wayo sai ya wuce zuwa langa-langa, wato siririn ƙarfen nan da ake ɗaure dilar kaya da shi. Ana lanƙwasa shi a kan dutse, a ɗaure mahaɗa da tsagin tsohon tib. Wannan mota tana da abin da ta roba mai tsada ba ta da shi: tana aiki. Langa-langa yana lotsawa ya dawo, don haka motar tana da sifirin na gaske, ka ɗora mata dutse ka ga ta zauna. Ana jan doguwar waya daga ƙafafun gaba zuwa hannun mai ita, a naɗe ƙarshenta ya zama sitiyari, yana tafe a tsaye yana karya kwana. Wasu har fitila suke sa mata da ƙwan tocila da tsohon batir. Sai kuma ta gwangwani, inda ake fasa gwangwanin madara ko na Milo a baje shi, a huda da ƙusa, murfin kwalba ya zama taya. Ba mu kaɗai ba ne. A Malawi suna kiran motar waya galimoto, a Afirka ta Kudu kuma akwai garin da ake shirya tseren irinta.

To, ina wannan yaro yake samun awo, tunda ba shi da takardar bayani? Tasha yake zuwa. Zai tsuguna gefen tifa ko tirela ya leƙa ƙarƙashinta, ya ƙirga tayoyi, ya ga inda tanki yake, ya ga yadda kai ya haɗu da bodi, har karen mota ya kore shi. Abin da injiniyoyin Tamiya suka yi wa Porsche ke nan, sai dai shi da ido ya kwance tasa. A ganina, ta fuskar ƙirƙira, ya fi mai harhaɗa ta roba, domin shi ne mai zane, shi ne mai awo, shi ne maƙeri. Mai kwali ya fi shi ne a daidaito da haƙurin gamawa.

Wannan wasa yana ja da baya a Kurudu, kuma dalilan a fili suke. Tun da gwamnati ta taso daga Legas zuwa Abuja a Disamban 1991 jama'a ke kwararowa garuruwan gefe, rusau na shekarun 2003 zuwa 2007 kuma ya ƙara turo mutane. Gonakin da muke samun kara sun zama rukunin gidaje. Diloli da yawa yanzu da igiyar roba ake ɗaure su. Motar roba 'yar Sin tana nan a kowace kasuwa, ga kuma wayar hannu. Ƙannena sun fi ni sanin sunayen motocin tsere na cikin waya, amma ba su taɓa ɓare kara ba.

Manya kuma da ma ba su ɗauki abin da muhimmanci ba. In yaro ne a ce wasa, in ya girma yana yi a ce bai san ciwon kansa ba. Amma kamfanin General Motors na Amurka ya yi shekaru, daga 1930 zuwa 1968, yana shirya wa samari gasar ƙera ƙananan samfurori, yana ba waɗanda suka yi nasara kuɗin karatu, kuma da dama daga cikinsu sun zama masu zana motocin gaske. Har yau kamfanonin mota sukan fara sassaƙa sabuwar ƙira da wani irin yumɓu kafin a taɓa ƙarfe. A wannan kamfani ne Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya zana surar motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, kafin ya shugabanci hukumar tsarawa da bunƙasa motoci ta Nijeriya daga 2017 zuwa 2023.

Kalmomin da Ke Cikin Mota

Ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Duk lokacin da na ɗauki gutsure daga firam, nakan tambayi kaina sunansa da Hausa. In ban samu a kaina ba, sai in sa shi a aljihu in nufi garejin bakin hanya. Makanikan ba sa rasa suna. Dariya dai suke yi in suka ga lagireto da bai kai farcen babban yatsa ba, sannan su faɗa mini.

Yawancin kalmomin aro ne daga Ingilishi, amma an yi musu kwaskwarima har sun zama 'yan gida. Hausa ba ta son baƙi biyu a jere a farkon kalma, kuma ta fi son kalma ta ƙare da wasali. Shi ya sa aka samu "fulogi", inda /p/ ta koma /f/, aka saƙa /u/ tsakanin baƙaƙen farko, aka ƙara /i/ a ƙarshe. Haka "birki" da "kuloci" da "sitiyari". Wasu sun yi nisa da asalinsu har sai an yi tunani, irin su "lagireto" da "totur" da "kafireto". Wadda ta fi burge ni ita ce "bakanike". An aro ta ne a matsayin "makanike", sai kunnen Bahaushe ya ji kamar akwai ɗafa-goshin "ba-" irin na "Bakano" da "baduku", ya gyara ta, ya kuma ciro jam'i "kanikawa" da sunan sana'a "kanikanci". Kalmar da ta shigo baƙuwa ta haifi 'ya'ya.

Sunayen motocin kansu kuwa wani fage ne. Akwai na aro kamar tifa da tanka da tirela da Fijo da Marsandi. Akwai "kiya-kiya" da ta zo daga Yarabanci. Akwai kuma ƙirƙirar Hausa zalla, irin su "gingimari" da "a-kori-kura", da "a-daidaita-sahu", wadda ta samo suna daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Kano a zamanin Malam Ibrahim Shekarau. In ka tsallaka Maraɗi, sai ka ji "kamyo" a wurin babbar mota, "buji" a wurin fulogi, domin su daga Faransanci suka ara. Mota ɗaya, harshe ɗaya, suna biyu.

Waɗannan kalmomi suna tafiya tare da abin da suke kira. Motocin zamani ba su da kafireto, kuma yaron da ke koyon kanikanci a Apo yau zai iya gama koyo bai furta kalmar sau goma ba. Kalmomin motar kara sun fi shiga haɗari, domin a bakin yara kaɗai suke, kuma kowane gari da nasa. Mai neman batun kundin digiri a fannin aron kalmomi ko wasannin yara, ga fili nan. Ni na fara tara nawa a ƙaramin littafi, ina rubuta kalma da garin da na ji ta. 'Yan'uwa ɗalibai na Sakkwato da Katsina da Damagaram, in kuna da wani suna daban na totuwa ko na langa-langa, ina maraba.

Motar da Babu a Kwali

Samun kwalin kansa aiki ne. Sai dai a yi oda ta intanet ko a roƙi mai dawowa daga waje, kuma tun da darajar naira ta faɗi a 2023 farashin ya fi ƙarfin ɗalibi. Ban da tsada, kamfanonin can motocin titunansu suke yi. Za ka samu Hilux da Hayis da Bitil a awon 1:24, wanda ke ba ka damar yi wa bas koren fenti da farin layi irin na motocin hayar Abuja. Amma babu mai sayar maka da gingimari mai bodin katako, mai zanen ɗawisu da zaki da furanni a ƙyauren baya. In kana son ta, sai ka haɗa hanyoyin biyu: awon mai kwali da dabarar mai kara.

Aikin da ke gabana ke nan a wannan hutu. Na je da tef na auna wata da ke fake a gareji, da izinin direbanta, na raba kowane awo gida 24. Katakon bodi da tsinken tsire da sandunan askirim nake yin sa, ƙarafunan gefe da gwangwani, tamfol kuma da tsohon ƙyalle da aka jiƙa da farin gam. Rubutun baya shi ne mai wuya. Haruffan motar santimita 12 ne tsayinsu, nawa ke nan milimita biyar, da tsinken ashana da aka fiƙe nake ɗiga su.

Mai zanen ya rubuta HAKURI ne, babu lanƙwasa a kan ka, kamar yadda masu rubutun mota suka saba. Wani abokin karatuna ya ce in gyara, tunda ni ɗalibin ƙa'idojin rubutu ne. Na ce masa a takardar jarrabawa zan sa lanƙwasar, amma wannan samfurin waccan motar ce, kuma yadda na kwafi tsatsar ƙofarta haka zan kwafi rubutunta.